Sunan da Aka Sa wa Fadamar Liba

A bakin kasuwar Jega Ukasha ya fara ganin Raihanatu, tana kushe shafin intanet na manhajar manoman albasa, ba ta san mai shi na tsaye bayanta ba.

"Ka danna nan, ka danna can, sai ka ɓace. Wa yay yi wanga aiki?"

"Ni na. Ki gyara min, ranki ya daɗe."

Ta gyara, shi kuma ya faɗa sonta har wuya. Ta sauya launi, ta rage maɓallai, ta ciro taswirar gonaki daga ƙuryar da ba mai leƙawa ta ɗora a shafin farko, kowace gona da sunan mai ita.

"Zumata, shafi ya yi kyau, amma bai kai ki ba. Kawu zai zo wurin Baba," ya rubuto mata.

Abin da ba ta sani ba, a Liba akwai fadamar da gida biyu, na su Ukasha da wani, ke nomawa bi da bi tun kakanni, bisa sharaɗin kada wanda ya kira ta tasa. Ta ga mahaifin Ukasha ke nomanta bana, sai ta sa sunansa.

Da ganin sunan a shafin, Barau, ɗan ɗaya gidan, wanda ta taɓa ƙin aurensa, ya tare Ukasha a hanyar Maiyama da ƙartinsa. Suka kayar da babur, suka yi ta jibgarsa da gora, Barau ya sara masa adda a hannun dama. Kafin la'asar 'yan uwan Ukasha sun cinna wa rumbun albasar su Barau wuta.

Mahaifinta, Malam Attahiru, ya ce, "Ba ni ba da ɗiyata gidan da aka zub da jini. An gama."

Ukasha ya daina rubuto mata, ta ɗauka ya tsane ta, ta yi kuka har ta gaji. Sai saƙo ya shigo: "Da hagu nike rubutu, zumata. Na ce musu ni nas sa sunan. Kada ki ce komi."

Ba ta ji ba. Ta hau mota sai Liba, ta iske gidajen biyu a ƙofar maigari, kowa da makami.

"Ni na sa sunan, ba shi ba!"

Barau ya zaburo mata da adda, Ukasha ya sha gabanta da hannu a ɗaure, jini na tsattsafowa daga ƙyallen. Dattawa suka danne Barau. Ta ciro wayarta ta goge sunan a gabansu, aka yi ta miƙa wayar kowa ya gani.

Da labari ya kai wa Malam Attahiru, sai ya ce, "Wanda yat tare mata adda da sararren hannu, mi zan hana mai?"

Bayan cirar albasa aka ɗaura aure. Hannun bai sake miƙewa ba. Da aka kai ta ɗaki, ta riƙe shi tana hawaye.

"Angona, ni naj ja maka wanga."

"Kin ja min ke," ya ce yana murmushi.

Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka.