Akwatin Lalube

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar, a gida Auta ake ce mata. Ƙoƙari kam tana da shi, sai dai bakinta ba ya jiran kowa.

Mamanta malama ce a gidan adana kayan tarihi. Ita ke karɓar 'yan makaranta. Tana da wani akwati mai rami a gefe. Takan saka tsohon abu a ciki, yaro ya zura hannu ya laluba, ya faɗi yadda ya ji shi. Sauran su yi ta tambaya har su gano ko mene ne.

Wata rana Mama ta ce, "Jibi alƙalai za su zo kallon darasina. Suna neman malamin da za a ba lambar yabo ta bana. Kuma ajinku ne zai zo."

"Mama, ai ke za ki ci!"

"Allah ya sa. Na daɗe ina fatan wannan rana."

Auta kuwa ta san kayan akwatin kaf, don takan bi Mama wurin aiki lokacin hutu. Sai ta yanke shawara ita kaɗai: ita za ta riƙa faɗin amsoshin. In aka amsa komai da sauri, ai alƙalai za su ce Mama ta iya koyarwa.

Ranar ta zo. Yara suka zauna a ƙasa, tsakanin akwatunan gilashi. Alƙalai biyu suna baya, wani dogo da wata dattijuwa mai tabarau.

Yaro na farko ya zura hannu. "Yana da nauyi, kuma yana da..."

"Dutsen guga ne, na gawayi!" in ji Auta.

Mama ta dube ta, ta sake saka wani abu. Yarinya ta biyu ko gama lalube ba ta yi ba.

"Faifan garmaho!"

Na uku ma haka. Daga nan babu wanda ya ƙara ɗaga hannu. Wani ya yi hamma. Wata ta ce, "To ta yi duka mana, mu mene ne namu?"

Dattijuwar ta gyara tabarau. "Malama, haddace musu amsa kika yi?"

Auta ta ga ran Mama ya ɓaci sosai. Ana zargin Mama da maguɗi, kuma Auta ce ta jawo.

Ta miƙe a hankali. "Ranki ya daɗe, ba laifin Malama ba ne. Mamata ce. Na san kayan tun da. Na zaci taimakonta nake yi."

Mama ta yi ajiyar zuciya. Ta roƙi dattijuwar ta shiga ɗakin ajiya ta zaɓo duk abin da ta ga dama. Sannan ta ce wa Auta, "Zo ki riƙe akwatin. Aikinki ɗaya ne, shiru."

Aka saka abin. Auta ta gan shi, ta kuma san shi. Amsar ta zo har bakinta, ta cije leɓe.

"Ba shi da nauyi," in ji mai lalube. "Yana da rami biyu."

"Ramin na da haƙora?" Mama ta tambaya.

"Eh, ƙanana!"

"Tarkon ɓera ne!" in ji wani. Kowa ya fashe da dariya, har dogon alƙali.

Can wata yarinya da ba ta cika magana ba ta ɗaga hannu. "Kakana yana da irinsa. Da biro yake juya shi. Kaset ne."

Yara suka yi ta tafi. Tambayoyi suka ɓarke, har lokaci ya ƙare ba su son tashi.

Bayan 'yan makonni, saƙo ya zo. Mama ce ta ci lambar yabon. Auta ta yi tsalle, sannan ta sunkuyar da kai.

"Mama, saura kaɗan na sa ki rasa."

"Haka ne," in ji Mama, ta jawo ta jikinta. "Ba don yara sun san amsa aka ba ni ba. Don sun yi tunani da kansu ne. In kin san abu, ki bar wa wasu dama su ma su gano."

"Ko da bakina yana ƙaiƙayi?"

"Ko da yana ƙaiƙayi, Auta."