Ɗakin da Sakatarsa ke Waje

Ƙarfe tara na safe wani magini ya faɗo ofishin 'yan sanda, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu. Sai da Saje ya ba shi ruwa ya sha kafin bakinsa ya buɗe.

"Ranka ya daɗe, mutum ne a cikin bango. Ƙasusuwa. A gidan Injiniya."

Sufeto tana cikin sa hannu a wani fayil ta ji sunan gidan, biro ya tsaya a hannunta. Shekararta goma sha tara a aiki, ta ga gawa iri-iri, amma sai da gabanta ya faɗi. A layin gidan ta girma.

Gidan bene ne na jan bulo, shekara talatin ba kowa a ciki. Tun ana zaune a cikinsa ma ake cewa akwai aljanu, domin da rana tsaka akan ji ihu da buge-buge daga sama. Tana 'yar shekara tara ta taɓa haura katanga don tsinkar mangwaro. Ta ɗaga kai, sai ga wata fuska fara fat a tagar ƙarshe, da yatsu a jikin ƙarafa, ana cewa, "Ke, ke, zo ki buɗe min." Ta diro ta fasa gwiwa, ta yi kwana uku tana zazzaɓi. Iyayenta suka ce gamo ta yi. Har ta bar unguwar ba ta ƙara bi ta ƙofar gidan ba.

"Saje, ɗauko mota, ka kira kofur biyu. Magini ya biyo mu, kada ya yi magana da kowa sai ya nuna mana wurin."

Ciyawa ta cinye harabar gidan har ƙugu. A falo kujeru na nan lulluɓe da ƙura, silin ya rufto ta gefe ɗaya, warin kashin jemage ya cika ko'ina. Saje, wanda bakinsa ba ya shiru, yau sai addu'a yake yi ƙasa-ƙasa.

Ramin da magini ya fasa yana ƙarƙashin matakala. Sufeto ta haska tocila. Ƙasusuwan a naɗe suke cikin ruɓaɓɓen bargo, da igiyar roba har yanzu a zagaye da ƙasusuwan hannu.

"Wa ya sa ka fasa nan?"

"'Yar autar marigayi ce ta ce a gyara gidan," in ji magini. "Da na ƙwanƙwasa na ji kamar ganga. Kuma duba, ranki ya daɗe, duk gidan jan bulo ne, nan kaɗai bulon siminti. Wanda ya yi shi ma ba magini ba ne, ko layi bai iya ja ba."

Ta bar kofur biyu suna jiran likita, ta hau sama. Kowane taku katakon matakalar sai ya yi ƙara. Ba ta tsaya buɗe sauran ɗakuna ba, ƙafarta ta kai ta ƙarshen baranda. Ƙofar ɗakin tana da sakata biyu manya, dukkansu ta waje. Ta ciki kuwa fentin ya kankare daidai tsayin ƙirjin mutum, layi-layi, kamar aikin farce.

Wani abu ya yi fir ya wuce ta saman kanta. Ta ja da baya har ta bugi bango.

"Tantabara ce, ranki ya daɗe," in ji Saje.

A ƙarƙashin gadon ƙarfe suka tsinci cokali, bakinsa duk ya lanƙwashe da shaidar haƙori.

Autar ta iso da rana, malamar makaranta ce mai sanyin magana. Sufeto ba ta gaya mata inda aka samu ƙasusuwan ba.

"Ku nawa ne a wurin mahaifinku?"

"Mu uku. Yaya Babba, mai kemis. Sai Yaya Ƙarami, sai ni. Yaya Ƙarami ya rasu tun ina shekara shida, a wani asibiti mai nisa."

"Kin ga kabarinsa?"

"A'a. Yaya Babba ya ce a can aka binne shi. Lokacin Baba bai fi shekara da rasuwa ba, Mama kuwa tun wajen haihuwata ta tafi."

"Me ya sa aka bar gidan shekara talatin?"

"Yaya ne. Duk sanda na ta da maganar sai ya ce gidan ba ya zaunuwa. Bana na gaji, na samo magini ban gaya masa ba."

Ita ce ta ba su kwatancen tsohuwar da ta yi musu girki a gidan, wadda suke kira Inna.

Sun sami Inna a tsakar gidan jikarta tana shan hantsi. Da ta ga kaki sai ta hau gyara mayafi.

"Ni 'yar nan girki kawai na sani. Ban taɓa hawa sama ba. Aljanun gidan ma a bakin mutane na ji."

Sufeto ta fito da cokalin daga leda ta ajiye a kan tabarma. Tsohuwar ta ƙura masa ido.

"Inna, wa ake sa wa wannan a baki?"

Hawaye suka zubo mata. "Ni nake sa masa, in abin ya tashi. Haka muka sani a lokacin. Farfaɗiya ce da shi, bawan Allah, ba hauka ba. Injiniya ya ce kada duniya ta ji, aka kulle shi a sama tun yana shekara goma sha biyu. In ya yi ihu sai a ce wa maƙwabta aljanu ne."

"Ranar da aka kai shi asibiti fa?"

"Ban ga fitarsa ba. Ranar dangin yarinyar da Babban zai aura suka zo ganin gida. Da safe ya karɓe makullin sama daga hannuna. Washegari ya ce an tafi da shi da mota, ni kuma in tattara kayana. Ya ce in na buɗe baki zai ce ni na sa masa wani abu a abinci."

"Akwai wani ɗaki a ƙarƙashin matakala?"

"Ɗan sito ne. Nan nake ajiye tsintsiya da bokiti. Ranar da zan tafi ma a nan na rataye tsummana."

Mai kemis dattijo ne mai furfura da farin gilashi. Ya tarbe su da fara'a a shagonsa, ya sa aka kawo kujeru bayan kantar.

"An samu ƙasusuwan mutum a gidan mahaifinku," in ji Sufeto.

"Subhanallahi. To ai kango ne, kowane ɗan iska yana iya shiga."

"Wane asibiti ƙaninka ya rasu?"

"An daɗe da rufe shi. Sunan ma ya shige min."

"Takardar shaidar mutuwa fa?"

"Ta ɓata wajen ƙaura." Ya cire gilashin yana gogewa da bakin riga. "Kin ga, ranki ya daɗe, in ma wani abu ne, ni ban san shi ba. Wurin nan na ƙarƙashin matakala tun Baba yana da rai yake a toshe."

Saje ya ɗago kai daga littafinsa.

"Ban ce maka ƙarƙashin matakala ba," in ji Sufeto. "Ƙanwarka ma ba ta sani ba. Kuma Inna ta rataye tsummanta a wurin shekara guda bayan an binne mahaifinku."

Gilashin ya suɓuce ya faɗi ƙasa. Bai sunkuya ya ɗauka ba. Ya daɗe yana kallon kwalaben da ke jere a kan kantar shagon, sannan ya fara magana da wata murya siririya.

"Awa uku kawai nake so ya yi shiru. In suka ji akwai ciwon a jininmu, an fasa auren. Na ɗaure masa hannu a gado, na cusa masa ƙyalle a baki. Yana kallona, bai ma yi gardama ba. Muna ƙasa ana gaisawa na ji gadon yana bugun dabe, na san abin ne ya tashi. Wani daga cikin baƙin ya tambaya, na ce iska ce take kaɗa taga. Da suka tafi na hau. Ni mai ba mutane magani ne, ranki ya daɗe. Na san abin da ƙyallen zai yi. Na sani, na zauna ina zuba musu lemo."

"Kai ka yi ginin?"

"Ni kaɗai. Kwana biyu. Mun ƙara wata ɗaya a gidan, kullum sai na ji ana kankarar ƙofa. Har yau ina ji, ko a ina na kwanta."

Sufeto ta yi wa Saje alama. Ya fito da ankwa, mai kemis ya miƙa hannu biyu da kansa. A waje autar tana tsaye jikin mota, ta biyo su ba su sani ba. Ta dubi ankwar, ta dubi fuskar yayanta, sai ta zauna a bakin kwata ta rufe fuska da mayafi.

Da aka sa shi a bayan mota ya matso kusa da taga.

"Alfarma ɗaya, ranki ya daɗe. Ku kai ni duk inda za ku kai ni, amma don Allah kada a bi da ni ta ƙofar gidan nan."

Sufeto ta shiga gaba ta ja ƙofa.

"Can za mu fara zuwa," ta ce. "Sai ka hau sama ka nuna mana yadda ka yi. Saje, mu je."