Wa Ya Kwance Famfon Motar Alhaji Gana?

Ƙarfe goma na safiyar Talata Alhaji Gana, babban dillalin shinkafa, ya faɗo caji ofis na Haɗeja yana jan direbansa Auta da wuyan riga.

"Sufeto, ɓarawo na kawo maka! Sabuwar mota dal, watanta biyar, ta buga inji a hanyar Kafin Hausa. Kamfani sun ce babu garanti, wai an taɓa injin. Wannan ne ya cire na'urar ciki ya sayar!"

Sufeto Sunusi ya ajiye kofin shayinsa da bai ko kurɓa ba. Auta sai rantsuwa yake, amma aka shigar da shi bayan kanta. Idan laifin ya tabbata, gidan yari ne, kuma babu mai sake ba shi tuƙi a garin.

A wajen motar, injiniyan kamfanin, Zaharaddeen, ya buɗe inji.

"Yallaɓai, ka ga famfon gas? Akwai hatiminmu na dalma a nan, an yanke shi an ƙara mata shan mai. Na'urar taƙaita gudu ma an cire. Ƙa'idarmu, wanda ya taɓa, shi zai gyara."

Sufeto ya sunkuya. Kowane noti da aka mayar an ɗiga masa shuɗin fenti.

"Wannan na kamfani ne?"

"A'a, mu ba ma haka."

Ya koma ofis wajen Auta. "Kai, ba ka ji motar ta canja ba?"

"Wallahi ban ji komai ba, Yallaɓai."

"Shekara nawa kana tuƙi?"

"Ashirin."

"Shekara ashirin, mota ta koma tana hayaƙi kamar gidan burodi, ka ce ba ka ji ba? Ni za ka mayar sakarai?"

Auta ya sosa ƙeya. "To, na ji. Alhaji ya ba ni hutun kwana biyu na je bikin suna a garin Baturiya. Da na dawo sai na tarar tana tashi kamar iska. Gaskiya daɗi na ji, shi ya sa na yi shiru."

"Allah ya shirye ka," in ji Sufeto.

Bakanike ɗaya ne a garin ke ɗiga wa noti shuɗin fenti, don ya gane aikinsa idan an dawo masa da ƙorafi. Sunansa Haris, kuma garejinsa Sufeto ya nufa.

"Ban taɓa ganin motar nan ba," in ji Haris, gwangwanin fentin kuwa ga shi nan kusa da ƙafarsa.

Sufeto ya dubi gwangwanin, ya dubi Haris. "Malam Haris, tun safe ban karya ba. Ko ka faɗa a nan, ko ka je ka taya Auta zama."

Haris ya goge hannu da tsumma. "Ni na yi. Amma sai da na ce garanti zai tashi, aka ce in yi aikina in rufe baki."

"Ina na'urar?"

"Yallaɓai, a garejin nan duk abin da muka cire, ko ɗan wushin noti ne, a leda muke ƙulle shi mu miƙa wa mai aiki, kada gobe a ce mun sayar. Wanda ya kawo motar shi ya tafi da kayansa."

"Wane ne?"

"Ka rufa mini asiri. Da manya ake cin abinci a garin nan."

Sufeto bai matsa ba. Ya san Alhaji Gana sarai, mutumin da ko zaren ɗinkin buhu ba ya yarwa. Ya ɗauki wani Kofur ya nufi rumbun shinkafarsa.

"Alhaji, albishir. Na ji an ce idan aka samo ainihin na'urar aka mayar, kamfani na iya sake duba maganar garanti. Sai dai kash, Auta ya ƙi faɗar wanda ya sayar wa."

Alhaji ya miƙe zumbur. "Ai ba ta ɓata ba!" Ya janyo durowa, ya fito da baƙar leda. Ga na'ura, ga guntun hatimin dalma.

Sai da ya ɗora ledar a tebur sannan ya lura da yadda Kofur ke kallonsa.

"Kayan da direba ya sace ya sayar ne a durowarka, Alhaji?"

Alhaji ya koma ya zauna. "Sufeto, ka fahimce ni. Akwalar motar Nu'uman abokin sana'ata, mota mai shekara talatin, ita ta wuce sabuwar motata a hanyar Jahun, da lodi! Sati guda ana yi mini dariya a majalisa. Shi ne na kai wa Haris."

"Auta fa?"

"Na ɗauka in 'yan sanda suka rubuta cewa direba ne, kamfani za su tausaya."

"Don an yi maka dariya, sai ka tura mai 'ya'ya bakwai kurkuku? Kofur, taho da shi."

"Mu sasanta mana, Yallaɓai."

"A kotu."

A ofis aka buɗe wa Auta, aka shigar da maigidansa. Auta ya tsaya a bakin kanta yana murza hula.

"Alhaji, gobe in fito aiki?"

"Ka tuƙa me?" in ji Sufeto. "Kai, tafi gida!"