Kwandalar da ke Cikin Burodin Argiris

Ni na fara kawo maganar hannun jari garinmu Kozani, don haka ba zan ba da labarin nan kamar hannuna a wanke yake ba.

Shekara goma sha ɗaya na yi a Kanada ina karatun harkar kuɗi. Da na dawo, 'yan shagon gahawa suka raɗa mini Farfesa. Ni na ce musu kamfanin cacar nan mai tambarin jan zakara ba zai faɗi ba, tunda mutanenmu ba za su daina caca ba. Suka saya. Amma babu wanda ya zurma kamar Argiris. Gonar za'afaran ta ubansa ya sayar, ya zuba kuɗin duka.

Ni na tsaya masa ranar aurensa da Efantiya, ni kuma na riƙe 'yarsu Mirto ranar baftismarta. Kumbaro muke ce wa juna, kuma a wurinmu wannan ya fi jini nauyi.

Sai aka fara raɗe-raɗin za a ƙwace lasisin kamfanin. Farashi ya soma zamewa, kullum kaɗan. Da rani ya ƙare, rabi ya tafi.

"Farfesa, ina zakaran naka?" in ji Lefteris wanzami, aska na kan wuyana. "Na ji an fige shi da ransa."

"Zai farfaɗo."

"To ya farfaɗo a gidanku. Ni na sayar jiya. Na yi kuka a bayi, na wanke fuska, na buɗe shago. Gashi dai bai daina fitowa ba."

Haka yawancinsu suka yi. Argiris ne ya kasa. Ba kuɗin ne ke cinsa ba, uwarsa ce. Tsohuwar ba ta san an sayar da gonar ba, kullum tana tambayar ko fure ya fito.

Wata safiya a watan Disamba ya ƙwanƙwasa mini. "Kumbaro, ta da mota. Za ka kai ni wurin Garufaliya."

Kowa ya san Garufaliya. A al'adarmu, idan mamaci ya cika shekara uku aka tono shi, ita ake kira ta wanke ƙasusuwan da ruwan inabi a saka a akwati. Abin da take yi bayan wannan, ba a faɗa da ƙarfi. Na yi masa dariya, na ce na yi karatu da yawa da zan gaskata wannan. Amma na ɗauki makulli.

Gidanta na ƙarshen wani ƙauye a kan dutse, inda babu sauran hayaƙi sai nata. Da tsakar rana muka shiga, amma ɗakin duhu ne. Warin man zaitun da ya ƙone da na jiƙaƙƙiyar ƙasa. Hotunan waliyyai sun cika kusurwa, duk an juyar da fuskarsu bango. Fitilar da ya kamata ta rataya a gabansu tana ƙasa, a cikin wani rami da aka haƙa a tsakar ɗakin.

Ba ta ce mu zauna ba. Ta dubi Argiris.

"Ɗan Fotis ne kai. Ni na wanke ubanka. Ƙashinsa fari tas, mutumin kirki. Me ka ɓatar?"

Ya faɗa mata.

"Sa'a kake so ta dawo," ta ce. "Ni ba na ƙera sa'a, ɗana. Ɗebowa nake daga wani wuri in zuba a wani."

Ta jawo tulu daga ƙarƙashin gado. Cike yake da tsofaffin kwandaloli, irin waɗanda mutanen zamanin da suke binne matattunsu da su. Ta zaro ɗaya, ta riƙe da awartaki a kan fitilar har ta yi ja, ta ɗiga mata jinin yatsan Argiris, ta tsoma a ruwan inabi. Ƙarar da ta fito ba ta ƙarfe ba ce. Kamar mutum ne ya ja numfashi.

"Ka sa ta a burodin sabuwar shekara, shekara uku a jere. Wanda ta faɗo a yankansa, rabonsa na shekarar ya zama naka."

"Rabonsa kamar yaya, inna?"

"Duka."

Argiris ya soma lissafin mutanen gidansa. A gidajenmu, ranar ɗaya ga Janairu maigida ke yanka burodin, kowane yanki da sunan mai shi, daga babba zuwa ƙarami. Akwai kuma yanki guda na miskini, da ake fitarwa a ba duk wanda aka samu. Wanda ya ci karo da kwandalar da akan ɓoye a ciki shi ne mai sa'ar shekara. Na ga lokacin da dabarar ta faɗo masa.

"Yankan miskini fa? Shi ma yana ciki?"

"Yanka yanka ne."

"In na so in tsaya bayan shekara ɗaya?"

"Sai ta zaɓa da kanta. Ta san hanyar gidanka yanzu."

"Nawa zan ba ki?"

"Ka riƙe. Aikina zai zo har inda nake."

A mota na ce masa tsohuwa ce da kaɗaici ya taɓa. Ya ce to babu abin tsoro ke nan.

Shekarar farko ya ce shi zai sa kwandalar da hannunsa. Efantiya ta yi mamaki, don aikin uwargida ne, amma ta bar shi. Ya yi wa gefen burodin alama da farce. Kwandala ta faɗa yankan miskini. Ya kai wa wani tsoho, Mitsos, mai zama a ƙofar coci. Tsohon ya sumbaci hannunsa. Kashegari aka tsinci kwandalar ta dawo kan teburin girkin Argiris. A Fabrairu aka tsinci Mitsos a sanƙare.

A makon aka ce lasisin kamfanin ya tsira. Farashi ya tashi, ya wuce inda ya faro. Argiris ya fanshi gonar, ya sayi ta maƙwabta. Ni ma ban sayar da nawa ba. Na ce sanyi ne ya kashe tsohon, kuma kasuwa takan gyara kanta. Ina da kalmomin Turanci masu kyau na bayanin hakan.

Shekara ta biyu ina wurin. Argiris ya yanka, wuƙa ta sauka daidai kan kwandalar, tsakanin yankan miskini da na uwarsa.

"Tawa ce," in ji tsohuwar, ta sa yatsa ta ciro.

"Mama, ta miskini ce. Dubi, ta fi karkata can."

"Wane miskini ya fi ni? Haƙori huɗu gare ni, ɗana kuma ya yi arziki ya koma yi mini rowar kwabo."

Kowa ya yi dariya. Ta jefa ta a aljihun rigarta. Mun binne ta a Maris. Shekararta tamanin da ɗaya, babu wanda ya yi tambaya.

Bayan jana'iza na ce masa ya jefa abar a kogi. Ya ce ya jefa sau biyu.

"Saura ɗaya, kumbaro. Wannan karon ba zan yi kuskure ba."

Shekara ta uku ya toya alamar a jikin burodin da zare ja. Ya auna da ma'auni. Ya sa kwandalar can tsakiyar yankan miskini, ya rufe da tawul, ya fita tarbar baƙi.

Abin da bai lissafa ba, kowace uwa a ƙasar nan ta san shi. Uwaye na yin maguɗi a burodin nan tun kafin a haife mu. Yaron da ya yi ciwo, ko wanda zai tafi soja, sai uwa ta lallaɓa ta matsar da kwandala inda yankansa zai faɗo, kowa ya yi kamar bai gani ba. A shekarar Mirto ta cika goma sha bakwai, jarrabawar shiga jami'a na gabanta. Likita take son zama.

Argiris ya yi alamar gicciye da wuƙa sau uku, ya yanka. Ya buɗe yankan miskini da yatsu. Babu komai.

"Baba ubangida, duba," in ji Mirto. Ni take nuna wa, haka take kirana don ni na riƙe ta a baftisma. Tana dariya, sukari a haɓarta. "Bana sai ka saya mini farar rigar likita."

Efantiya ta kashe mini ido daga ƙofar kicin.

Mun koma dutsen ranar. Argiris ya durƙusa a bakin ramin, ya ce ta karɓi gonakin, ta karɓi jarin, ta karɓe shi. Garufaliya ta ce ba shi aka yanka wa ba.

Ya sayar da hannun jarinsa duka a mako guda, ya rabar da kuɗin a coci-coci. Ya kai yarinyar asibitocin birnin Tasalonika, aka ce lafiyarta ƙalau. Tana tsokanarsa, wai shi ke zana jarrabawar. Ranar tara ga Mayu ta kwanta hutawa bayan abincin rana, littafi a ƙirjinta. Ba ta tashi ba.

Da Argiris ya riƙe bakinsa, da Efantiya ta tsira da hankalinta. Amma ranar sadakar arba'in, tana raba dafaffiyar alkama a ƙofar coci, ta ce masa, "Ko sa'ar da na saka mata ba ta tsare ta ba." Sai ya faɗa mata komai.

Yau shekara shida. Kullum da safe Efantiya na toya burodin sabuwar shekara. Ta yanka, ta kira sunaye, ta farfasa yankan Mirto da yatsu tana neman abin da za ta cire. Argiris ne ke sayo mata gari. Shi ke share ɓarɓashin.

Kamfanin ya rushe a kakar shekarar da Mirto ta rasu, takardunsa ko ƙunshin kifi ba sa yi. Lefteris yana nan yana aski, ya aurar da 'ya'yansa biyu. Bai ƙara ce mini Farfesa ba, ni kuma ban tambaye shi dalili ba.

Da aka tono Mirto bayan shekara uku, Garufaliya ce ta zo wankin ƙashi, don babu wata mai yi. Ba ta karɓi ko sisi ba.

Kai da ka zuba dukiya ta narke, ka yi kukanka, ka buɗe shagonka. Asara ce, ta mutane ce, ana rayuwa bayanta. Duk wanda ya ce zai dawo maka da ita ba da gumi ba, ka tambaye shi daga jikin wa zai ɗebo. Kada kuma ka ce ka san inda za ka ajiye wuƙa. A gidanka akwai wanda ke son 'yarka, kuma ba zai yi shawara da kai ba.