Kwalbar da Inna Dije Ta Fasa

Ga ta nan, ga ta nanku. Kun ce ta zo ku ji ta? To, ku matso.

Shekarar da aka ba mu jihar Kebbi, Mainasara ya zo hutu Yelwa daga karatu a ƙasar waje. A bakin ruwa ya ga Asama'u tana taya innarta, Dije, bandar kifi. Ya sayi kifin da ya fi ƙarfin cikinsa, washegari ma ya dawo.

Wajen zance ya ba ta labarin aikinsa. Wai silikon, sinadarin nan na cikin yashi, ƙwayoyinsa ba sa yarda su riƙe juna da ɗauri biyu, sai an kewaye su da manyan rassa kamar shinge, an kuma hana iska taɓa su. Shi kaɗai yake yini a ɗakin gwaji, ba mai ce masa sannu da Hausa.

Da zai koma ya ba ta 'yar kwalba liƙaƙƙiya, da ruwa rawaya a ciki.

"Tauraruwata, abin da hannuna ya haɗa ke nan. Kada ki buɗe."

Inna Dije ta tsince ta cikin adakar Asama'u. Kwalba ba marfi, an ce kar a buɗe, ga yarinya ta rage cin tuwo? Ta fasa ta a kan dutse. Tana kallo rawayan ya dushe, ya koma kamar ruwan randa. Shi ke nan fa, ta ce asiri ne. Ta hana ambaton sunan Mainasara, ta ba Jabiru mai jirgin inji izinin zance.

Asama'u ba ta yi musu ba. Jabiru ya zo, ta gaishe shi, ta koma cikin gida. Ta dai aika wa Mainasara labari, ya aiko da kaset, ta riƙa sauraro ita kaɗai a bakin ruwa.

"Ki ce wa Inna ban ji haushi ba, iska ce ta cinye shi. Nan sanyi ake yi, Asama'u."

Ruwa ya cika ya janye, yarinya na ta ramewa. Ran nan Inna ta zauna kusa da ita, ta daɗe tana kallon jirage.

"Ɗiyata, da hannuna na karya abin nan, na ga fitarshi. Da asiri ne, da tuni kin mance shi. Ce mishi ya turo magabatanshi."

Aka ɗaura aure a Yelwa bayan babbar salla, Allah ya sa albarka. Mainasara ya samu koyarwa a Sakkwato, can suka zauna suka haihu. Jabiru ya yi aure a Ngaski. Inna Dije kuwa tana bandar kifinta har ta tsufa.