Nonon Ikilima

"Ba zan mayar da ita ba, Muntaka!"

Lauratu ta ƙanƙame Najwa, yarinyar da suka ɗauko daga gidan marayu wata uku da suka wuce. Riƙon gwaji aka ba su. Ranar Alhamis jami'ar jin daɗin jama'a za ta zo gidansu a Takur: ko su sa hannu a takardar riƙon dindindin, ko ta tafi da yarinyar. Watan Najwa goma sha tara a duniya, amma wannan ne gida na uku da aka kai ta.

"Wa ya ce ki mayar da ita, masoyiyata? Maganar Baba kawai na faɗa miki..."

"Maimaita in ji."

"Ya ce yau ƙarama ce, in ta girma fa? Ni ba muharraminta ba ne. Sai ta sa hijabi kafin in shigo falo, ko hannunta ba zan riƙe ba. Ya ce wannan masauki ne, ba gida ba."

Lauratu ta sunkuyar da kai. Surukinta malami ne a Limawa, shekara takwas bai taɓa yi mata gorin haihuwa ba. Kuma ta san gaskiya ya faɗa.

Can ta ɗago. "Ƙanwarka Ikilima ba goyo take yi ba?"

"Eh, Zuhair watansa biyar..." Ya tsaya yana kallonta.

"Najwa ba ta cika shekara biyu ba. In Ikilima ta shayar da ita, ka zama kawunta. Ɗauko mukullin mota."

A Garki suka tarar da Ikilima tana ɓare gyaɗa. Da ta ji bayani ta tuntsire da dariya.

"Yaya, shekara guda ba ka leƙo mu ba, sai da nonona ya kawo ka!"

Mijinta ya amince nan take. Najwa ce ta ƙi. Madarar gwangwani ta sani, don haka ta kau da kai ta tsala ihu. Litinin ta wuce, Talata ma haka.

"Anti, ki haƙura mana," in ji Ikilima.

"Sau biyu ana haƙura da ita. Ni ba zan yi ba."

Laraba da hantsi Ikilima ta ɗora Zuhair a cinya tana ba shi. Lauratu ta zaunar da Najwa kusa da su, ta koma bakin ƙofa, inda uwar mijin Ikilima ke zaune. Yarinyar ta ƙura wa jaririn ido, ta matso, ta ture ƙafarsa... ta kama ɗayan nonon.

Lauratu ba ta motsa ba sai da Najwa ta saki don kanta. Sannan ta fita zaure, inda Muntaka ke jira.

"Ta sha," ta ce. "Har ta ƙoshi."

Ya riƙe hannunta, ya kira Baba a waya, ya saka a bayyane. Baba ya saurara har ƙarshe.

"Wa ya gani?"

"Ni da uwar mijin Ikilima, Baba," in ji Lauratu.

"Alhamdu lillahi. To ku fara biyowa ta Limawa, ku kawo min jikata."