Tudun Bayan Tasha Ya Yi Fure

"A hannun damanku kuma babu abin kallo, tudun bayan tashar jirgin ƙasa ne, sai ku ɗan huta da ɗaukar ho..."

Idon Auta ya sauka a kan tudun. Saura kaɗan makirufon ya suɓuce daga hannunta.

Shekara huɗu ke nan tana wannan aiki. Da zarar sanyi ya janye, sai ta kwashi baƙi a motar kamfani ta zaga da su wurare shida da furannin garin ke buɗewa, tun daga lambun bakin kogi har layin bishiyoyin jami'a. Wannan tudu kuwa hanya ce kawai ta bi ta gefensa. Tarin fasassun bulo ne da gwangwanaye, ko akuya ba ta yi masa kallo biyu. Yau ga shi ya rufe ruf da furanni ruwan ɗorawa, tun daga gindi har sama.

"Baba direba, tsaya."

"Ba ya cikin takarda fa, 'yar nan."

"Don Allah ka tsaya..."

Ta sauka, muryar Mama na dawo mata tiryan-tiryan. Ranar da saurayinta Shiru-shiru ya je gaishe da Mama ne. Ma'aikacin lambunan gari ne, Auta ce ta laƙaba masa sunan don sai ka yi masa magana goma kafin ya mayar da ɗaya. Mama ta dubi ƙasar da ke ƙarƙashin faratansa, ta taɓe baki.

"'Yata ga mai tonon ƙasa? Ranar da tudun bayan tasha ya yi fure, ka zo ka ɗauke ta."

Kowa a falon ya yi dariya, ban da shi.

Aiki ya koya wa Auta halin irin waɗannan furanni. Kawunansu kamar albasa suke, ana binne su kafin sanyi ya shigo, su yi wata biyar a ƙasa ba wanda ya san da su. Ta ƙirga da yatsunta. Wata biyar baya, daidai makonnin da ya riƙa ɓace mata kullum in an tashi aiki. Daidai lokacin da 'yar gwaggonta, wadda ta daɗe tana haɗiyar yawu a kansa, ta nuna mata hotonsa a motar aiki da wata mace mai jan mayafi a gefensa.

Ta tambaye shi ina yake zuwa. Ya ce, "Ki ba ni lokaci." Ta sake tambaya, ya sake faɗin haka. Sai ta cire zobensa ta ajiye masa a kan bencin lambu, ta toshe lambarsa. Makon jiya ta ji labarin ya nemi canjin wurin aiki, jibi zai bar garin.

Ta hau tudun tana haki. A can sama ta same shi durƙushe da shebur, buhu biyu a gefe, ya riga ya tone layi guda. A tsaye kansa ga mai jan mayafin nan, sai dai ta gaba fuskarta ta haura shekara hamsin, kuma hancinsu iri ɗaya sak.

"Me... me kake yi?"

Ya ɗago. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

"Tonewa nake. Asibitin yara sun ce suna so."

"Ke ce Autar?" in ji matar. "Ni ce yayarsa, irin shuka nake sayarwa. Tun safe nake hana shi, ya ƙi ji. Mako shida muna jigilar ƙasa zuwa nan, buhu-buhu a kafaɗarsa, har yau bayansa bai daina ciwo ba."

Auta ta dafe ƙirji.

"Kalma ɗaya fa! Kalma ɗaya da ka faɗa mini..."

"Mu masu lambu ba ma faɗin abin da muka binne sai ya tsiro." Ya sunkuyar da kai. "Wurin nan bai taɓa karɓar shuka ba. In na sa miki rai, suka ruɓe a ƙasa fa? Mama ta yi mini dariya sau ɗaya, na jure. Ba zan jure a haɗa da ke ba."

"Da suka tsiro fa?"

"Na kira ki sau goma sha ɗaya."

Nan fa hawayen suka ɓalle. Wato ita ce ta rufe ƙofa da hannunta, ta zauna a ciki tana kukan ba a ƙwanƙwasa ba.

"Ka yafe mini, abin ƙaunata. Hoto aka nuna mini, ni kuma na yarda da ido na bar zuciya."

"Ban riƙe ki ba, Autata. Tafiyar ma don ba zan iya ganin motarku tana wucewa kullum ba ne."

Ta fizge sheburin daga hannunsa ta jefar. Ta ciro waya ta kira Mama ta bidiyo, ba ta ko gaishe ta ba, ta juya wayar tana bin tudun a hankali, har da allon tashar a ƙasa don kada a yi gardama.

Mama ta matso da fuskarta jikin wayar.

"Ke... ina ne nan?"

"Kin san wurin, Mama."

"Tudun bayan tasha? Wannan jujin?" Muryar ta yi ƙasa. "Ni fa gatse na yi wa yaron nan..."

"Shi bai iya gatse ba."

Mama ta zauna daɓas a kujera, ana ganin fankar falo tana juyawa a saman kanta. Can ta sauke ajiyar zuciya.

"Lallai baki shi ke yanka wuya. Yana kusa?"

"Ga shi, yana jin ki."

Daga ƙasa Baba direba na ta matsa hon, amma baƙin sun watse cikin furanni da wayoyinsu, ba mai niyyar komawa. Auta ta durƙusa ta ciro kan fure ɗaya daga buhu, ta mayar da shi raminsa, ta danna ƙasar da tafin hannu. Shiru-shiru ya miƙo mata na biyu.

"Ki ce masa ya wanke hannu ya zo gida," in ji Mama. Sai kuma ta girgiza kai. "A'a, bari. Ya zo mini da hannun a haka."